Yadda Za a Tsara Fedar Ƙafa a Ɗakin Leƙa Ciki Domin Rage Kuskure

Likitan da ke duba cikin majiyyaci da na'urar endoskofi ba shi da sauran hannu. Hagunsa na riƙe da kan na'urar yana murza maɓallan da ke lanƙwasa bakinta, damansa na tura bututun yana juya shi, idanunsa kuma ba sa barin allo. Wannan ne ya sa aka bar wa ƙafa ayyukan da suka fi haɗari a ɗakin, wato sakin wutar lantarkin da ke yanka nama ko ƙona jijiya don tsayar da jini, da kunna hoton eksire, da harba hasken leza, ban da feshin ruwa da ɗaukar hoto. Ƙafar tana yin wannan duka ta hanyar taka feda, wato makunnin da ake ajiyewa a ƙasa, a ƙarƙashin gado, a ɗakin da aka rage wa haske, ba tare da ido ya taimake ta ba. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan a shekarar 2003 tsakanin likitocin da ke tiyata ta ƙaramin rami da kyamara ya nuna cewa kashi 91 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sukan nemi fedar su rasa a tsakiyar aiki, kashi 75 cikin 100 kuma sukan taka wadda ba ita suke nufi ba.

Wannan jagora an rubuta ta ne domin 'yan uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da masu kula da injuna da ke aiki a sassan leƙa ciki na asibitocin Saudiyya, daga Jidda da Makka da Madina har Riyad da Dammam. Aikin yana ƙaruwa a ƙasar, domin sankarar babban hanji ita ce kan gaba a cikin cututtukan daji da ke kama maza a Saudiyya, kuma shawarar da masana ƙasar suka bayar ita ce a fara gwajin gano ta daga shekara 45. Yawan leƙa hanji yana nufin yawan cire tsiro, wato ɗan naman da ke fitowa a bangon hanji, yawan cire tsiro kuma yana nufin yawan taka feda. A ganina kuskuren feda ba alamar ƙarancin gwaninta ba ne, alama ce ta ɗakin da ba a tsara shi don ƙafa ba, kuma gyaransa ba ya buƙatar sayen sabon inji.

Mataki na farko: a ƙirga fedojin, a fitar da waɗanda ba a buƙata

Kafin a shigo da majiyyaci, a duba ƙasa a ƙirga abin da ke kwance a gaban likita. Yawanci za a tarar da fedar injin wuta mai kai biyu, da fedar famfon ruwa, wani lokaci da ta ɗaukar hoto, idan kuma ɗakin duba bututun maɗaciya ne a ƙara da ta eksire. Duk wadda aikin da za a yi ba ya buƙatarta a ɗauke ta daga ƙasa a rataye a jikin keken injin. Ɗaukar hoto da feshin ruwa a na'urori da yawa ana iya mayar da su kan maɓallan da ke kan na'urar leƙen, don haka a nemi mai kula da injuna ya saita hakan idan zai yiwu. Tsiron da bai kai milimita 10 ba kuwa, abin da ƙungiyoyin likitocin hanji ke ba da shawara a yanzu shi ne a cire shi da zarge, wato madaukin siririyar waya da ake shaƙe tsiron da shi, ba tare da wuta ba, kuma a irin wannan aikin babu dalilin da zai sa fedar wuta ta kasance kusa da ƙafa.

Mataki na biyu: a daidaita tsayuwar likita kafin a ajiye feda

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jefa feda a inda wayarta ta kai, sannan likita ya karkata jikinsa ya bi ta. Daidai shi ne a fara da jiki. Ƙungiyar likitocin leƙa ciki ta Amurka, wadda ake kira ASGE, ta fitar da ƙa'idojin kare lafiyar masu wannan aiki a shekarar 2023, kuma a cikinsu akwai daidaita allo da gado, da tsayuwa a kan shimfiɗar roba mai rage gajiya, da ɗaukar gajeren hutu. Allo ya kasance a gaban likita kai tsaye, tsakiyarsa ƙasa da saitin ido da kamar digiri 15 zuwa 25. Gado a ɗaga shi ko a sauke shi har majiyyaci ya zo daidai gwiwar hannun likita ko ƙasa da ita da abin da bai wuce santimita 10 ba. Likita ya tsaya ƙafafunsa a ware gwargwadon faɗin kafaɗunsa, ƙugunsa da ƙirjinsa da fuskarsa duk suna kallon waje guda. Sai an samu wannan tsayuwar ne za a san inda ƙafa take faɗawa da kanta, kuma wurin nan shi ne mazaunin feda.

Mataki na uku: a ba kowace feda mazauni guda da ba ya canjawa

Wannan shi ne zuciyar al'amarin. Direba ba ya duba ƙasa kafin ya taka birki, domin birki da totur ba su taɓa musayar wuri ba tun ranar da ya koyi tuƙi. Abin da ake so ƙafar likita ta samu ke nan, kuma ba za ta same shi ba matuƙar yau fedar wuta tana dama, gobe tana hagu, jibi kuma an juya ta baibai.

A ajiye fedar wuta a gaban ƙafar da likita ya fi amfani da ita, a saitin yatsunsa, a nisan da zai taka ta alhali dunduniyarsa na ƙasa. Wannan sharaɗin na dunduniya shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. Idan sai ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya ko ya miƙa ta gefe kafin ya kai ga fedar, to nauyin jikinsa ya koma kan ƙafa guda, ƙugunsa ya karkace, kuma wannan karkacewar tana isa hannunsa, bakin na'urar ya motsa a daidai lokacin da wuta ke fita. Fedar ta fuskanci likita sosai, kada a ajiye ta a karkace, domin idan ta karkace ƙafar da ta nufi kai ɗaya sai ta goga ɗayan.

Launin kawuna biyu na fedar wuta ƙa'ida ce da masu ƙera injuna suke bi a duniya: rawaya na yanka ne, shuɗi na ƙona jijiya ne. A injunan da aka fi gani, irin su na kamfanonin ERBE da Valleylab, rawaya yana hagu, shuɗi yana dama. Sai dai launi ba ya amfanar wanda ba ya kallo, saboda haka abin dogaro shi ne wuri da kuma tudun da ke raba kawunan biyu, wanda gefen takalmi ke ji. Wasu fedojin na ERBE suna da ƙarin maɓalli wanda ke sauya tsarin wutar daga wani zuwa wani, kuma wajibi ne duk mai amfani da su ya san da shi, domin taɓa shi ba da niyya ba yana canja irin wutar da za ta fita alhali ƙafa tana kan fedar da ta dace.

Fedar ruwa ita ce ake yawan takawa, sau da dama cikin gaggawa lokacin da jini ya rufe allo, don haka ita ce ta fi cancanta a nisanta ta da fedar wuta. Hanya mafi aminci a wurina ita ce a raba musu ƙafa, wuta ga dama, ruwa ga hagu, ko akasin haka ga bahago. Wasu likitoci sun fi son ƙafa guda ta yi duka biyun don ɗayar ta riƙe nauyin jiki, kuma wannan ma yana yiwuwa matuƙar an bar tazarar da ta fi faɗin takalmi tsakaninsu, kuma siffarsu ta bambanta yadda tafin ƙafa zai gane. Abin da ba ya karɓuwa shi ne sashe guda ya kasance da tsari iri-iri gwargwadon wanda ya share ɗakin da safe. Shugaban sashe da babbar ma'aikaciyar jinya su zauna su tsayar da tsari ɗaya, a manna alama a daɓe da salatif mai launi, a ɗauki hotonsa a liƙa a jikin keken injin.

Daɓen ɗakunan asibiti yana da santsi, kuma feda tana gudu kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka taka ta, har a wayi gari ta shige ƙarƙashin gado. A sa mata shimfiɗar roba mai kama ƙasa, ko a jingina bayanta da wani abu mai nauyi da ba ya motsi. Idan likita yana tsaye a kan shimfiɗar rage gajiya, fedar ta zauna gaba ɗayanta a kai ko gaba ɗayanta a waje, domin wadda ta hau rabi ta bar rabi tana lilo. Wayarta ta bi ta bayan fedar zuwa injin, kada ta ratsa inda ma'aikaciyar jinya ke tsayawa ko inda tayar gado ke bi.

Mataki na huɗu: takalmi da sutura

Takalmin ya zama rufaffe, mai kama dunduniya, wanda tafinsa bai yi kaurin da zai hana jin feda ba, bai kuma yi faɗin da zai taka kai biyu lokaci guda ba. Silifa da takalmin roba mai sakin dunduniya, waɗanda zafin ƙasar nan da sauƙin alwala ke jawo mutane gare su, suna zamewa daga ƙafa a daidai lokacin da ake buƙatar natsuwa. Ledar da ake sa wa takalmi tana ƙara santsi idan ruwa ya zuba. Doguwar riga ko rigar kariya da ta sauka har idon sawu tana iya rufe fedar ko ta maƙale a gefenta, don haka mace ko namiji, a tabbatar bakin suturar bai kai kan takalmi ba. Yana da kyau mutum ya keɓe takalmi guda na aiki, saboda ƙafa tana sabawa da kaurin tafinsa.

Mataki na biyar: gwaji da kalmomin da aka yarda da su

Jerin binciken lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya koya wa asibitoci tsayawa na ɗan lokaci kafin a fara aiki, don a tabbatar da majiyyaci da aikin da za a yi masa. A ƙara feda a cikin wannan tsayawar. Tun ba a haɗa wayar da ke kai wuta ga zarge ba, likita ya taka rawaya ya saurari ƙararta, ya taka shuɗi ya saurari tata, ya dubi fuskar injin ya ga wace fitila ta kama da kuma ƙarfin wutar da aka saita. Ƙarar yanka da ta ƙonawa sun bambanta, kuma kunne ne ke fara gane kuskure kafin ido ya gani a allo, saboda haka kada a rage sautin injin don yana damun mutane. A injunan zamani ana iya ɗora feda guda a kan soket daban-daban, wani lokaci ma a ɗora wa shuɗin kai aikin iskar argon, wadda wuta ke bi ta cikinta ta ƙona saman nama ba tare da an taɓa shi ba, kuma wanda ya yi amfani da ɗakin kafin kai yana iya barin nasa saitin. Idan fedar marar waya ce, a duba batirinta, a kuma tabbatar da injin ɗakin nan take magana ba na maƙwabta ba.

Ɗakunan aiki a Saudiyya suna haɗa Balarabe da Bahaushe da mutumin Indiya da na Filifin da na Pakistan a kan majiyyaci guda, kuma a lokacin Hajji ana kawo ma'aikata daga wasu garuruwa su cike gurbi a asibitocin Makka da Mina da Arfa, mutanen da ba su taɓa aiki tare ba. A irin wannan haɗuwar kada a dogara da ishara ko ɗaga gira. A tsayar da kalmomi kaɗan a harshen da kowa a ɗakin yake ji, ɗaya ta rufe zarge, ɗaya ta sanar da cewa wuta za ta fita, ɗaya ta dakatarwa, kuma mai riƙe da zargen ya maimaita kalmar kafin likita ya taka. Kalmar dakatarwa kowa yana da ikon furta ta, har ma'aikacin da ya fi kowa ƙanƙanta, kuma da an ji ta ƙafa ta bar feda kafin a tambayi dalili.

Mataki na shida: yadda ake takawa da yadda ake sauka

Ƙafa ba ta zama a kan fedar wuta. Mazauninta shi ne daɓe, a gefen fedar, kuma tana hawa ne bayan an cika sharuɗɗa uku: ƙarfen zargen ko wuƙar ya fito sarai daga bakin na'urar ana ganinsa a allo, naman da aka kama an ɗaga shi daga bangon hanji, mataimaki kuma ya amsa. Likitan da ya ɗora yatsunsa a saman feda yana jira yana gajiyar da tsokar ƙwaurinsa, kuma tsokar da ta gaji tana sakin nauyi ba tare da mai ita ya sani ba. Haka nan a bar wayar wuta a cire daga hannun zarge har sai an zo yanka, a sake cire ta da zarar an gama, domin ko an taka feda bisa kuskure babu inda wutar za ta bi.

Sanin abin da kowane kuskure ke haifarwa yana taimakawa wajen ɗaukar maganar da muhimmanci. Idan aka taka yanka a inda ake nufin ƙonawa, zargen yana ratsa wuyan tsiro kafin jijiyarsa ta rufe, jini ya ɓalle nan take. Idan aka taka ƙonawa aka daɗe a kai a inda ake nufin yanka, zafi yana nitsewa cikin bangon hanji, musamman a ɓangaren dama inda bangon ya fi siranta, kuma majiyyaci yana iya komawa gida lafiya ya dawo bayan kwana ɗaya ko biyu da ciwon ciki da zazzaɓi, ko ma da hujewar hanji. A aikin faɗaɗa bakin bututun maɗaciya, wutar yanka da ta fita ba a shirya mata ba tana iya tsaga wurin fiye da yadda aka nufa cikin ƙiftawar ido. Wutar da aka saki alhali ƙarfen yana cikin bututun na'urar kuwa tana lalata na'urar da kuɗinta ke da yawa.

Akwai wani abu da masu koyo ke yawan kuskurewa game da tsarin da kamfanin ERBE ke kira Endo Cut, inda injin da kansa yake jera yanka da ƙonawa bi da bi. An ƙera shi ne don a danne rawaya a riƙe, injin ya yi ta zagayensa. Wanda ya saba da tsofaffin injuna yakan riƙa ɗan taɓawa yana saki, kuma kowace sabuwar takawa tana mayar da injin farkon zagayen, wato matakin yanka, sai ya zama an yi ta yanka ba a ba ƙonawa lokacinta ba. Don haka salon takawa yana bin tsarin wutar da aka zaɓa, kuma wajibi ne a karanta littafin injin da ke ɗakin ko a nemi wakilin kamfanin ya yi wa sashen bayani.

Idan ana koyar da ƙaramin likita, a fayyace tun farko wane ne mai feda. Abin da ya fi aminci shi ne wanda ke riƙe da na'urar shi ne mai takawa, domin shi ne yake jin motsin da ke hannunsa. Malamin da zai karɓi fedar ya faɗa da baki, ɗalibin ya janye ƙafarsa baya, a kuma matsar da fedar zuwa gaban malamin maimakon ya miƙo ƙafa ta tsakanin ƙafafun wani.

Mataki na bakwai: duk lokacin da wani abu ya motsa, a sake nemo feda da ido

A leƙa babban hanji ana fara wa majiyyaci a kwance ta gefen hagu, amma sau da yawa ana juya shi rigingine ko ta dama don bututun ya wuce, likita ya matsa, gado ya motsa, fedar kuma ta tsaya a inda take. Bayan kowace juyawa a dakata, likita ya sake daidaita tsayuwarsa, mataimaki ya mayar da fedojin gabansa bisa tsarin da aka sani, shi kuma ya sunkuya ya gani da idonsa sau ɗaya. Laluben feda da ƙafa alhali zarge yana riƙe da nama shi ne yanayin da ya fi kowane haɗari, kuma idan hakan ta faru, a faɗa a fili cewa an rasa fedar, mataimaki ya kawo ta.

Ɗakin duba bututun maɗaciya yana da nasa ƙarin nauyin. Likita yana sanye da rigar dalma mai kare jiki daga hasken eksire, mai nauyin kilo da dama, majiyyaci yawanci yana kwance rub da ciki, ga fedar eksire kusa da ta wuta. Kuskure a nan yana tafiya ta fuska biyu, ko a saki wuta ana nufin hoto, ko a bar ƙafa a kan eksire ana zuba wa majiyyaci da ma'aikata hasken da ba su buƙata. A raba su ƙafa daban-daban, ko a bar wa ma'aikacin eksire nasa maɓallin ya riƙa kunnawa idan an umarce shi. Masu fasa tsakuwar ƙoda da leza su ma su riƙe ƙa'ida guda, wato injin ya koma yanayin jira duk lokacin da bakin zaren lezar ba ya bayyane a allo.

Gajiya tana shiga cikin wannan lissafin, domin ƙafar da ta yini a tsaye ba ta jin bambancin feda kamar da safe. Tsakanin majiyyaci da majiyyaci a ɗauki minti ɗaya ko biyu a miƙe sha-raɓa, a juya idon sawu, a sauke rigar dalma. Hutun sallar Azahar da La'asar hutu ne na gaske ga jiki, sai dai a daidai lokacin ne masu shara ke shiga su goge daɓe su ture fedoji gefe, don haka wanda ya dawo daga masallaci ya maimaita gwajin mataki na biyar kamar yanzu ya shigo. A watan Ramadan kuwa, idan da hali, a sa ayyuka masu wuya irin cire babban tsiro a farkon jerin.

Mataki na takwas: tsafta, gyara da kai rahoto

Feda tana zaune a inda ruwa da jini da ƙazantar hanji ke zuba. A goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta da kamfanin ya amince da shi bayan kowane majiyyaci, a kula da ƙarƙashin kawunan inda datti ke bushewa ya sa su maƙale. Kada a ɗaga ta da wayarta, domin daga nan ne wayar ke fara tsinkewa ta ciki. Idan za a rufe ta da leda, ta zama mai haske da ke nuna launi, wadda ba ta matse kawunan ba. Idan aka ɗauke ƙafa amma ƙarar injin ba ta tsaya ba, a kashe injin daga makunninsa nan take, a cire wayar zarge, a liƙa wa fedar takardar gargaɗi, a aika ta sashen injiniyoyin kayan asibiti, kada a mayar da ita aiki don ta saki da kanta.

Kuskuren da bai cutar da kowa ba shi ma a rubuta shi a fom ɗin rahoton aukuwa, wanda asibitoci da yawa a ƙasar ke kira OVR, domin daga tarin irin waɗannan rahotanni ne sashe zai gane ko matsalar tana ɗaki guda ne, ko inji guda, ko wani lokaci na yini. A rubuta wace feda aka taka, wacce aka nufa, inda kowacce take a ƙasa, da ko an juya majiyyaci kafin nan. Idan laifin na fedar ce kanta, ofishin kula da inganci na asibitin ya isar da rahoto ga Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, wadda ke karɓar ƙorafin kayan aikin asibiti, tare da sunan kamfanin da lambar na'urar.